Shari'ar Fibreboard: Ranar da Aka Miƙa Aiki ga Ɗan Kwangila

A garin Emeryville, cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, kamfanin Fibreboard yana da wata masana'anta. Tun 1937 masu gyaran injuna na wurin suke da ƙungiyarsu, wadda ake kira reshe na 1304 na ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe. Ita ce take zama da kamfani su daidaita albashi da lokutan aiki, a sa hannu a yarjejeniya.

Yarjejeniyarsu za ta ƙare ran 31 ga Yuli, 1959. Saura kwana huɗu sai kamfani ya shaida musu cewa babu amfanin sabon zama, gama ya riga ya yanke shawara zai ba da kwangilar gyaran, wadda daga baya ya ba wani kamfani mai suna Fluor. Lissafinsa ya nuna zai rage kashe dala 225,000 kowace shekara. Da wa'adi ya cika aka sallami mutanen, ma'aikatan ɗan kwangila suka shiga.

Abin lura shi ne, aikin bai mutu ba. Injunan suna nan, gyaran yana nan, a wuri guda. An ɗauke shi ne kawai daga hannun waɗanda yarjejeniya ta rufe, aka kai inda ba ta isa ba. In haka ya halatta, kowace yarjejeniya ta zama rumbu marar ƙofa, a kwashe hatsi a bar kango.

Ƙungiya ta kai ƙara gaban hukumar sasanta ma'aikata ta ƙasa. A 1961 hukumar ta ba kamfani gaskiya. Da aka sāke duba maganar a 1962, sai ta juya, ta umarci kamfani ya mai da mutanen bakin aiki, ya biya su albashin da suka rasa.

Magana ta kai Kotun Ƙoli. Ran 14 ga Disamba, 1964, Babban Alƙali Earl Warren ya tabbatar da hukuncin hukumar. Dalilinsa shi ne, ribar da kamfani yake nema daga rage mutane da alawus da kuɗin ƙarin lokaci za ta fito, waɗannan kuwa su ne ainihin abin da doka ta ce a zauna a tattauna. Wataƙila da an zauna, ƙungiya ta kawo hanyar rage kuɗin da kanta.

Hukuncin bai hana ba da kwangila ba, bai kuma tilasta wa kowa yarda ba. A 1981 kotun ta ƙara rage faɗinsa, ta ce rufe wani sashe na kasuwanci shawarar mai kamfani ce. Abin da ma'aikata suka samu shi ne haƙƙin a ji su kafin a yanke. Saboda haka ƙungiyoyi da yawa suka nace a rubuta cikin yarjejeniya, dalla dalla, wane aiki ne nasu.