Yadda ake gano kuskure nan take a fayilolin haɗa manhaja

Fayil ɗin haɗa manhaja wani ɗan rubutu ne da ke shaida wa kwamfuta inda za ta ɗauko manhaja, yadda za ta harhaɗa ta, da kuma wurin da za ta ajiye kowane ɓangarenta. A tsarin Arch Linux ana kiran sa PKGBUILD, da harshen Bash ake rubuta shi, sannan manhajar makepkg ta aiwatar da shi.

Tun da umarni ne ake bai wa na'ura kai tsaye, ƙaramin kuskure na iya jawo babbar asara. A shekarar 2011, tazara guda da ta kutsa cikin wani layi na rubutun girka manhajar Bumblebee ta sa an goge wa wasu masu amfani da Linux kundin /usr baki ɗaya.

Dabarar tantance rubutu kafin a aiwatar da shi ta samo suna ne daga lint, wadda Stephen Johnson ya ƙirƙiro a Bell Labs a 1978. A yau ShellCheck ce ke yi wa Bash wannan aiki.

Domin ganin gargaɗinta yayin da ake rubutu, sai a haɗa ta da manhajar rubutu, ta hanyar Flycheck ko Flymake a Emacs, ko kuma ALE a Vim. Da zarar marubuci ya dakata ko ya adana aikinsa, za a ja layi a ƙarƙashin wurin da ke da matsala.

Sai dai akwai cikas biyu. Na farko, sunan PKGBUILD ba ya nuna cewa Bash ne, don haka dole a sanar da mai binciken. Na biyu, ShellCheck ba ta san dokokin makepkg ba: takan yi ƙorafin SC2034 cewa ba a yi amfani da pkgname ko pkgver ba, da SC2154 cewa ba a bayyana srcdir da pkgdir ba, alhali makepkg ce ke kula da su. Layi guda a saman fayil yana magance duka biyun:

# shellcheck shell=bash disable=SC2034,SC2154

Wannan bincike a kan harshe kawai ya tsaya. Domin tabbatar da bin ƙa'idojin Arch, kamar ambaton duk manhajojin da ake dogara da su, namcap ake amfani da ita, kamar yadda Debian ke da lintian, Fedora kuma rpmlint.