Hankali da hauka a gaban shari'a: tarihin kalma tsakanin alƙali, kwamanda da likita

Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan ɗan nazari ita ce mu bi sawun tambaya guda: wa ke da ikon cewa wane ba ya cikin hankalinsa, kuma da wane harshe ake yanke wannan magana? A kan amsarta ne ake ɗaure mutum ko a sake shi, a karɓi shaidarsa ko a ƙi, a bar masa dukiyarsa ko a naɗa masa wakili.

1. Kafin zuwan Turawa

Kalmar hankali aro ce daga Larabci. A fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka yi aiki da shi, hankali sharaɗi ne na zama mukallafi. Muhtasar na Halilu ya hana mahaukaci sarrafa dukiyarsa har sai ya farfaɗo, malamai kuma sun rarrabe haukan da ba ya yankewa da wanda yake zuwa yana tafiya. Hausar yau da kullum ma ba ta yi musu kuɗin goro ba: akwai mahaukaci tuburan, da taɓaɓɓe, da zautacce, da dolo wanda aka haifa haka nan, da mai gigin tsufa, da wanda iska ta buge, wanda ake kai wa malami ko ƴan bori.

2. Zamanin mulkin mallaka

A 1925, a ƙasar Kurfai, yankin Filinge, wasu sabbin iskoki masu kwaikwayon sojoji da hafsoshin Turawa suka fara hawa kan mutane, cikinsu har da wata mata mai suna Shibo. Kwamandan Yamai, Croccichia, ya sa aka kama su aka tsare. Sunan da ya bi wannan ƙungiya shi ne Hauka, kuma Jean Rouch ya ɗauki bikinsu a Akara a 1954, cikin fim ɗinsa Les maîtres fous. Abin lura a nan shi ne, ba likita ya duba su ba, ba alƙali ya tantance hankalinsu ba: mai mulki ne ya ga tawaye ya yi hukunci.

Ta fannin magani kuwa, tun daga 1897 ana kwasar wasu marasa lafiyar Senegal zuwa wani gidan mahaukata a Marsey. Sai a 1938, shekara 100 cif bayan dokar Faransa ta 1838 game da masu taɓin hankali, aka kafa sashen kula da su a Afirka ta Yamma ta Faransa.

3. Bayan samun ƴancin kai

Kundin hukunta laifuka na Faransa na 1810, a aya ta 64, ya ɗauke laifi daga wanda yake cikin halin démence a lokacin da ya aikata abin. Kundin Nijar na 1961 ya gaji wannan kalma yadda take. Ita kuwa Faransa ta yi watsi da ita a sabon kundinta da ya fara aiki a 1994, ta rarrabe wanda tunaninsa ya gushe ɗungum da wanda nasa ya raunana kawai. Wato ta dawo kusa da rarrabewar da Hausa ta daɗe tana yi tsakanin mahaukaci da taɓaɓɓe.

A asibitin Fann ta Dakar, daga 1959, Henri Collomb da abokan aikinsa sun buɗe ƙofa ga dangin majinyaci da masu maganin gargajiya. Duk da haka harshen koyar da likitoci, a Dakar da Yamai, ya ci gaba da zama Faransanci. A bakin likita, démence lalacewar ƙwaƙwalwa ce irin wadda aka fi gani ga tsofaffi. A bakin alƙalin da ya karanci kundin 1961, hauka ce gaba ɗaya. Tsakaninsu ga tafinta, ko wani ɗan'uwa da ya yi lakwal. In majinyaci ya ce «kaina ya ɗau zafi» ko «an jefe ni», abin da tafinta ya zaɓa shi ake rubutawa, abin da aka rubuta kuma shi kotu za ta karanta.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana cewa ikon tantance hankali ya tashi daga zauren alƙali zuwa ofishin kwamanda, daga nan zuwa ɗakin likita, kuma a kowane mataki harshen mai maganar yana ƙara nisa da harshen hukuncin. Muna ganin aikin da ke gabanmu, mu masu nazarin harshe, shi ne mu zauna da likitoci da alƙalai mu tattara waɗannan kalmomi daga Maraɗi, Damagaram da Tawa, mu fayyace iyakar kowace, a koyar da su ga ɗaliban likitanci da na shari'a kafin su fara sa hannu a kan takardar wani.