Yaƙin Iraƙi da Zubewar Mutuncin Amurka a Zamanin Shugaba George W. Bush

Gabatarwa

A tarihin Amurka shugabanni kaɗan ne suka sami irin goyon bayan da George W. Bush ya samu a watan Satumba na 2001, kuma kaɗan ne suka sauka daga mulki cikin irin baƙin jinin da ya sauka da shi a Janairun 2009. Babban abin da ya shiga tsakanin waɗannan lokuta biyu shi ne yaƙin Iraƙi. Wannan maƙala za ta bi diddigin sukar da aka yi wa Bush game da yadda ya jagoranci yaƙin, wato sukar hujjojin da ya bayar, da sukar yadda aka tafiyar da mamayar, da kuma sukar yadda aka wulaƙanta fursunoni. Za a nuna cewa asarar da ta fi daɗewa tana bin ƙasar ita ce zubewar darajar maganarta a idon duniya, domin kuwa ƙasa, kamar mutum, da amincin maganarta take ciniki.

Farin Jinin Farko

Ran 11 ga Satumba, 2001, 'yan ƙungiyar Alƙa'ida suka kai hare-hare da jiragen sama a biranen New York da Washington, mutane kusan 3,000 suka hallaka. Duniya ta tausaya wa Amurka ƙwarai. Ƙungiyar ƙawancen tsaro ta NATO ta ɗauki harin a matsayin hari kan dukkan ƙasashenta, abin da ba ta taɓa yi ba tun kafa ta a 1949. Ko a Tehran, babban birnin Iran, wadda ba ta ga maciji da Amurka, jama'a sun taru sun kunna kyandir don juyayi. A cikin gida kuwa, binciken jin ra'ayin jama'a na kamfanin Gallup ya nuna kashi 90 cikin ɗari na Amurkawa sun gamsu da shugabancin Bush.

Da aka fara ruwan bama-bamai a Afganistan ran 7 ga Oktoba, gwamnatoci da yawa sun ba da goyon baya, ko da yake an yi zanga-zanga a wasu biranen Musulmi, ciki har da Kano, inda ta rikiɗe ta zama tarzoma. Amma tun a Janairun 2002 alƙiblar ta soma sauyawa. A cikin jawabinsa ga Majalisar Dokoki, Bush ya haɗa Iraƙi da Iran da Koriya ta Arewa ya kira su gungun mugunta, kuma daga nan hankalin gwamnatinsa ya koma kan Saddam Husaini.

Hujjojin Yaƙi da Takardun Nijar

Hujjoji biyu gwamnatin Bush ta dogara a kansu. Ta farko ita ce Iraƙi na ɓoye makaman ƙare-dangi, wato na guba da na ƙwayoyin cuta, kuma tana neman ƙera na nukiliya. Ta biyu ita ce akwai alaƙa tsakanin Saddam da Alƙa'ida. Tun kafin a harba harsashi ɗaya aka sami masu ja da baya a cikin gida. Brent Scowcroft, wanda ya yi wa mahaifin Bush mashawarci kan tsaro a yaƙin Tekun Fasha na 1991, ya rubuta a jarida a watan Agustan 2002 yana gargaɗin kada a afka wa Iraƙi. Duk da haka, a watan Oktoba majalisa ta ba shugaban ikon yin amfani da ƙarfin soja, da ƙuri'a 296 a kan 133 a Majalisar Wakilai, da 77 a kan 23 a Majalisar Dattijai.

A nan ne sunan Jamhuriyar Nijar ya shiga cikin labarin. Nijar tana haƙar ƙarfen yuraniyom a yankin Arlit, kuma wasu takardu sun ɓulla waɗanda ke nuna wai ta ƙulla yarjejeniyar sayar wa Iraƙi tan 500 na wannan ma'adini. A Fabrairun 2002 hukumar leƙen asiri ta CIA ta aiki tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai don ya bincika. Ya komo ya ce da wuya hakan ta faru, musamman da yake kamfanin Faransa ne ke riƙe da akalar ma'adinan. Amma ran 28 ga Janairu, 2003, Bush ya tsaya gaban majalisa ya ce gwamnatin Ingila ta gano Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Makonni kaɗan bayan haka, ran 7 ga Maris, Muhammad ElBaradei, shugaban hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun na jabu ne. Jabun ma ba na gwani ba ne, don ɗaya daga cikin wasiƙun tana ɗauke da sa hannun wani ministan harkokin wajen Nijar wanda ya bar kujerar fiye da shekara goma kafin ranar da aka rubuta a kanta. A Yulin 2003, bayan Wilson ya fito fili ya ba da labarin tafiyarsa, Fadar Shugaban Ƙasa ta yarda cewa bai kamata maganar ta shiga jawabin ba.

Kafin wannan, ran 5 ga Fabrairu, Sakataren Harkokin Waje Colin Powell ya gabatar wa Kwamitin Sulhu hotuna da faya-fayan murya a matsayin shaida. Powell shi ne mutumin da duniya ta fi amincewa da shi a gwamnatin, sabili da haka aka tura shi. Faransa da Jamus da Rasha ba su gamsu ba, suka nemi a ƙara wa masu binciken makamai, ƙarƙashin Hans Blix, lokaci. Ran 15 ga Fabrairu miliyoyin mutane suka yi zanga-zanga a Landan da Roma da Madrid da sauran birane. Nelson Mandela ya soki Bush da kakkausar murya, ya zarge shi da rashin hangen nesa. Majalisar Turkiyya ta ƙi amincewa sojojin Amurka su ratsa ƙasarta. Ƙasashen Afirka uku da ke Kwamitin Sulhu a lokacin, wato Angola da Kamaru da Gini, sun sha matsin lamba, amma ba su ba da alkawarin ƙuri'unsu ba. Da Amurka da Ingila suka ga ba za su sami ƙudurin da suke nema ba, sai suka janye shi, suka shiga yaƙi ran 20 ga Maris, 2003.

Yadda Aka Tafiyar da Mamayar

Bagadaza ta faɗi ran 9 ga Afrilu, kuma ran 1 ga Mayu Bush ya sauka kan wani jirgin ruwan yaƙi ya sanar da ƙarshen manyan fafatawa, bayansa an rataya ƙyalle mai shelar an kammala aiki. Wannan hoto ya zama abin gori a kansa har ƙarshen mulkinsa, domin mafi yawan waɗanda suka mutu a yaƙin bayan wannan rana suka mutu.

Masu suka sun jera kurakurai. Na farko shi ne ƙarancin sojoji. A Fabrairun 2003 Janar Eric Shinseki, hafsan hafsoshin sojan ƙasa, ya gaya wa Majalisar Dattijai cewa riƙe Iraƙi zai buƙaci soja dubu ɗaruruwa, amma manyan ma'aikatar tsaro suka yi watsi da maganarsa a bainar jama'a. Da gwamnatin Saddam ta rushe, babu isassun masu tsare doka, aka wawashe ma'aikatu da asibitoci, har da gidan adana kayan tarihi na ƙasa. Na biyu shi ne umarni biyu da Paul Bremer, kantoman da Bush ya naɗa, ya bayar a watan Mayu, ɗaya na korar manyan 'yan jam'iyyar Ba'as daga aikin gwamnati, ɗaya na rushe rundunar sojan Iraƙi baki ɗaya. Da haka aka sallami dubban ɗaruruwan mutane masu horon yaƙi ba albashi, da yawansu kuma suka shiga sahun masu tayar da ƙayar baya. A watan Agusta aka tarwatsa ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Bagadaza, mutum 22 suka rasu, ciki har da wakilinta Sergio Vieira de Mello. Bayan an fasa hubbaren Askariyya a Samarra a Fabrairun 2006, ƙasar ta faɗa cikin kashe-kashe tsakanin 'yan Shi'a da 'yan Sunni.

Makaman da aka shiga yaƙi dominsu kuwa ba a same su ba. A Janairun 2004 David Kay, shugaban tawagar da Amurka ta tura nemansu, ya gaya wa majalisa cewa kusan kowa ya yi kuskure. Rahoton magajinsa, Charles Duelfer, ya tabbatar a wannan shekara cewa babu tarin makaman, kuma ba a sami shaidar Iraƙi ta nemi yuraniyom daga waje ba bayan 1991. A Satumban 2004 Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce yaƙin ya saɓa wa kundin majalisar.

Abu Ghraib da Guantanamo

Sukar da ta fi ƙona rai a ƙasashen Musulmi ita ce ta fursunoni. A Afrilun 2004 aka watsa hotunan gidan yarin Abu Ghraib, inda aka ga sojojin Amurka suna tsiraita Iraƙawa, suna tsoratar da su da karnuka, suna dariya. An hukunta wasu ƙananan sojoji, amma Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld ya ci gaba da riƙe kujerarsa. A sansanin Guantanamo, wanda aka buɗe a Janairun 2002, an tsare mutane kusan 780, mafi yawansu ba tare da an gurfanar da su gaban shari'a ba. Ƙasar da ta saba fitar da rahoton shekara-shekara kan take haƙƙin ɗan'adam a wasu ƙasashe sai ga ta ana nuna ta da yatsa, kuma azzaluman shugabanni suka sami abin mayar mata da martani.

Yadda Duniya Ta Juya Baya

Cibiyar bincike ta Pew ta auna wannan zubewar mutunci da alƙaluma. Tsakanin 2002 da 2003, masu kyakkyawan zato ga Amurka a Indonesiya sun ragu daga kashi 61 cikin ɗari zuwa 15, a tsakanin Musulmin Nijeriya kuwa daga 71 zuwa 38. A 2007 kashi 9 kaɗai suka rage a Turkiyya, ƙasar da ke cikin NATO, da kashi 30 a Jamus.

Rashin yarda irin wannan yana da illa ko a inda ba a zata ba. A 2003 wasu jihohin arewacin Nijeriya suka dakatar da rigakafin cutar shan-inna bisa jita-jitar cewa an gurɓata maganin don hana haihuwa, kuma Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004. Masana da suka yi nazarin lamarin sun ambaci dalilai da dama, ciki har da gwajin wani magani da wani kamfanin Amurka ya yi kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da kuma zargin da yaƙe-yaƙen Afganistan da Iraƙi suka dasa a zukata. Jita-jitar ba ta da tushe, amma cutar ta bazu daga Nijeriya zuwa ƙasashe da dama, yara kuma suka shanye.

A cikin gida, jam'iyyar Bush ta rasa rinjaye a majalisu biyu a zaɓen Nuwambar 2006, washegari aka sanar da saukar Rumsfeld. A ƙarshen 2008 farin jinin shugaban ya sauka zuwa kashi 25, ko da yake taɓarɓarewar tattalin arziki da sakacin da aka yi lokacin guguwar Katrina sun ba da tasu gudummawa. Ran 14 ga Disamba, 2008, wani ɗan jaridar Iraƙi, Muntazar al-Zaidi, ya jefe shi da takalma a taron manema labarai a Bagadaza.

Abin da Masu Kare Shi Suka Ce

Adalci ya wajabta a ji ɗaya ɓangaren. Masu kare Bush sun ce Saddam azzalumi ne wanda ya yi amfani da guba kan Ƙurdawan Halabja a 1988, kuma hukumomin leƙen asiri na ƙasashe da yawa sun yi zaton yana da makaman. Kwamitocin bincike na 2004 da 2005 sun ɗora babban laifin kan hukumomin leƙen asirin, ko da yake wani rahoton Majalisar Dattijai na 2008 ya nuna cewa wasu furucin gwamnati, musamman kan alaƙar Saddam da Alƙa'ida, sun zarce abin da bayanan sirri suka tabbatar. Sun kuma ce ƙarin soja kimanin 30,000 da ya tura a 2007 ya rage zubar da jini, kuma Amurkawa sun sake zaɓensa a 2004. Har ila yau, shirinsa na yaƙi da cutar ƙanjamau, wanda ya fara a 2003 da dala biliyan 15, ya ceci miliyoyin rayuka, shi ya sa sunansa bai ɓaci a yawancin Afirka kamar yadda ya ɓaci a Turai ba.

Kammalawa

Sojojin Amurka sun fice daga Iraƙi a Disambar 2011, bayan sun yi asarar kusan mutum 4,500, fararen hular Iraƙi da aka ƙirga gawarwakinsu kuwa sun haura 100,000. A 2014 ƙungiyar Da'ish, wadda ta tsiro daga reshen Alƙa'ida na Iraƙi, ta kame birnin Mosul. Amma bashin rashin gaskiya ya fi wannan daɗewa ana biya. A Agustan 2013, da aka nemi majalisar Ingila ta amince da kai wa Siriya hari saboda amfani da guba, sai ta ƙi, kuma Firayim Minista David Cameron da kansa ya ce abin da ya faru a Iraƙi ne ya gurɓata amincewar jama'a. A 2022, da Amurka ta yi tir da mamayar da Rasha ta yi wa Yukiren, mahukuntan Mosko sun tuna mata da 2003, kuma a Afirka da Asiya an sami masu gyaɗa kai. Hausawa sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Colin Powell ya amsa a 2005 cewa jawabin da ya yi a Kwamitin Sulhu tabo ne a tarihin aikinsa, kuma shugabannin da suka biyo bayan Bush sun gaji wannan tabo tare da kujerar.