Asalin Battocin Palek na Ƙasar Rasha

Duk wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikin ƙananan akwatunan nan na Rasha, baƙaƙe wuluk daga waje, jajaye daga ciki, da surar tsuntsun wuta mai gashin zinariya ko dawakai uku suna jan keken ƙanƙara a bisa murfi, lalle zai so ya ji inda wannan hikima ta samo tushe.

Dattawan Palek, wani ƙauye a lardin Ibanobo, suna da riwayar da suka gada kaka da kakanni, cewa a zamanin da rundunar Batu, jikan Jangiz Han, ta afka wa biranen Biladimir da Suzdal a shekarar 1238, ta ƙone majami'u, ta karkashe jama'a, waɗansu tsiraru suka tsira da rayukansu, suka kutsa cikin kurmi, suka sare itatuwa suka cinna musu wuta, suka kafa gari a kan tokar. Kuma a cikinsu, in ji riwayar, akwai gwanayen zanen surorin Annabi Isa da Maryamu da waliyyan Nasara, waɗanda ba su fito da wata dukiya ba sai fasahar hannunsu. Ita suka bar wa zuriyarsu. Ɗa ya tashi yana dama launi da gwaiduwar ƙwai a gaban ubansa, yana ɗaura alƙalami da gashin wutsiyar kurege, yana goge ruwan zinariya da haƙorin kyarkeci har ya yi walƙiya, ƙarni bayan ƙarni, har sunan ƙauyen ya game ƙasa.

Masu tarihi sun yi saɓani a nan. Waɗansu sun ce asalin sana'ar Fedoskino ne, kusa da Masko, inda wani attajiri, Korobob, ya kafa masana'anta a 1795 bayan ya koyo a Jamus yadda ake manna kwali da ƙullun gari, a danne shi, a jiƙa shi da mai, a gasa har ya yi tauri kamar katako, a yi battocin taba da shi. Wannan gaskiya ne, ba musu. Amma abin da ya fi rinjaye a gare ni shi ne gangar jiki kaɗai aka samo daga can, ruhin kuwa na Palek ne.

Domin da juyin mulkin 1917 ya zo, hukuma ta juya wa addini baya, kasuwar surorin ibada ta mutu, malaman zane suka shiga ƙunci. Sai Allah ya nufi wani daga cikinsu, Iban Golikob, ya ga irin akwatunan nan na Fedoskino a Masko a 1922, ya gwada launin ƙwai na kakanninsa a kan baƙin kwali, ya maye gurbin waliyyai da jaruman tatsuniya da na ƙissoshin marubuci Pushkin. A 1924 shi da abokan sana'arsa shida suka kafa jam'iyyar sana'a, a shekara ta gaba kuwa aikinsu ya sami lambar yabo a babban nuni na birnin Faris. Garuruwan Mistera da Holui suka bi sahu.

Abin takaici a yau, kasuwannin 'yan yawon buɗe ido sun cika da jabu, hoton inji ne ake liƙawa a shafe shi da man sheƙi, a rubuta sunan Palek a ƙasa, alhali mai zanen gaskiya yakan shafe watanni a kan murfi guda.