Bariki: Tarihin Kalmar Da Ake Jifanmu Da Ita

Da yawa daga cikinmu idan mun je gida hutun sallah mukan ji an ce "'yan bariki sun iso". Wani da wasa yake faɗa, wani kuwa da biyu. Akwai samarin da aka hana aure a garinsu saboda wannan suna kawai. To, mece ce bariki, kuma daga ina ta samo asali?

Kalmar ta shigo Hausa daga Turancin Ingilishi, inda barracks ke nufin masaukin soja. Su ma Ingilishi aro suka yi daga Faransanci a ƙarshen ƙarni na 17, Faransawa kuma suka samo ta daga yankin Sifaniya da Italiya. A can ma'anarta bukka ce ko rumfar wucin gadi. Har yau a yankin Balansiya na Sifaniya akwai gidajen manoma masu rufin ciyawa da ake kira barraca. Wato tun asali kalmar tana nufin wurin da ake zama na ɗan lokaci.

Ta iso mana ne a bakin soja. A 1863 Bature John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna ta Hausawa a Legas. A 1897 aka ɗora wa Lugga kafa rundunar da ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Duk inda rundunar ta yada zango, a Lakwaja ko Zungeru ko Kaduna, wurin ya zama bariki. Sojojin ƙabilu ne daban-daban, Hausa ce ta haɗa su, amma Hausa ce mai sauƙi wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba. Ita ake kira Barikanci.

Daga nan ma'anar ta fara faɗaɗa. Gidajen saukar baƙi da Turawa suka gina a kan hanyoyin rangadi, inda Di'o ke kwana idan ya fito zagayen haraji, su ma aka kira su bariki. Unguwar Turawa da ofisoshinsu da ke wajen ganuwa ta zama bariki. Sunan ya manne wa wasu wurare har yau, kamar Barikin Ladi a Filato, ƙasar haƙar kuza, da Barikin Sale a Minna.

Ma'ana ta ƙarshe ita ce mai zafin. Bariki wuri ne da ke wajen ikon iyaye da mai unguwa da malamin zaure. Kuku da boyi da masinja da lebura suna samun albashi a hannu, babu mai tambayarsu inda suka kwana. Matan da suka gudo daga aure su ma can suke fakewa. Sai mutanen cikin birni suka ɗauki sunan wurin suka mayar da shi sunan hali. Ɗan bariki ya zama mai wayo da buɗaɗɗen ido wanda ba a yarda da shi ɗari bisa ɗari. 'Yar bariki kuwa zagi ne kai tsaye. Aka ce wance ta shiga bariki, kowa ya san abin da ake nufi. Har karin magana aka yi, ana cewa bariki lahirar makwaɗaita.

Mu nan Karu kusan duk ma'anonin sun taru a kanmu. Garin Gbagyi ne tun kafin gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi wannan yanki ya zama babban birnin tarayya a 1976. Bayan gwamnati ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991, jama'a suka yi ta kwarara Karu da Nyanya da Mararraba. Barikin soja na ainihi, wato Barikin Mogadishu, yana kan hanyarmu ta shiga gari kullum. Yawancinmu kuma da niyyar zaman wucin gadi muka zo, mu tara abin da ya samu mu koma gida.

Sai ga shi an shekara talatin, an haifi 'ya'ya, an aurar da su a nan. Mahautan mayankar Karu da 'yan kasuwa da ma'aikata sun gina masallatai da makarantun Islamiyya, suna zuwa suna da jana'izar juna. Abin da ya sa kakanninmu suka ƙyamaci bariki shi ne rashin mai tsawatarwa. Idan muka riƙe yaran unguwa kamar namu, muka san maƙwabtanmu, muka girmama masu garin da suka karɓe mu, to wannan ma'ana ba za ta same mu ba, ko da an ci gaba da kiranmu da sunan.

Allah Ya albarkaci zamanmu, Ya shirya mana zuri'a. Amin.