Daga Soja Zuwa Kansila: Tarihin Wasu Kalmomin Ingilishi Masu Ƙarshe Iri Ɗaya a Bakin Bahaushe

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan takarda wani abu ne da na sha cin karo da shi a lokacin duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Gwarzo da Kabo. Yaro zai rubuta "driva" ko "docta" a littafinsa, malami ya ja masa jan biro ya wuce. Manufata ita ce in nuna cewa wannan kuskure yana da tarihi, kuma malamin da ya san tarihin ya fi kowa sanin yadda zai gyara shi.

Asalinsu a Ingilishi

Kalmomin da nake magana a kansu su ne masu ƙarewa da haruffan "er" ko "or", irin su driver, labourer, doctor da governor. Ɗafin "er" gadon Ingilishi ne tun na dauri, shi kuwa "or" daga Latin ya fito, galibi ta hanyar Faransanci, bayan Normawa sun ci Ingila a 1066. Dukansu biyu suna nuna mai aikata wani aiki, kamar yadda "ma" yake yi a cikin manomi da maƙeri. Su kansu waɗannan kalmomi ma'anarsu ta sauya tun a can. A Latin doctor malami ne mai koyarwa, minister bara ne mai hidima, asalin governor kuwa matuƙin jirgin ruwa.

Abin lura shi ne, tun wajen ƙarshen ƙarni na 18 mutanen kudancin Ingila suka daina furta harafin "r" na ƙarshen kalma, sai dai a rubuce. Irin wannan lafazi ne akasarin jami'an mulkin mallaka suka zo da shi. Bahaushe kuwa da kunne ya karɓi kalmomin, saboda haka abin da ya ji a ƙarshensu wasali ne mai kama da "a", shi ya riƙe.

Zangunan shigowarsu

Zango na farko ya soma da zuwan rundunar Kanar Morland, wadda ta biyo ta Bebeji ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. A wannan zamani ne soja da gwamna da masinja da likita suka zauna a bakin jama'a. Ba ta hanyar aji suka shigo ba, domin makarantar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 da Hausa ake koyarwa a cikinta.

Zango na biyu na sana'a ne da ciniki. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa tun daga 1912, daga baya motoci suka riƙa jigilarta daga ƙauyuka zuwa birni. Da wannan harka lebura da direba da kafinta da birkila da tela suka yaɗu. Mutumin Gwarzo ko Kabo da bai taɓa shiga aji ba ya koye su a tasha da kasuwa da wurin cin rani.

Zango na uku na siyasa ne da ilmin zamani. Tsarin mulki na 1951 ya kawo minista, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta yaɗa irin su edita da lauya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kai kansila har cikin ƙauye, shirin ilmin firamare kyauta na wannan shekara kuma ya sa kusan kowane gari ya san hedimasta. Kalmar doctor har sau biyu ta shigo: da farko ta zama likita mai ba da magani, daga baya ta dawo a matsayin dakta, laƙabin mai babban digiri, wanda ya fi kusa da ma'anar Latin ta asali.

Yadda Hausa ta sarrafa su

Ba kowace kalma mai wannan ƙarshe ce take nuna mutum ba. Mota da waya da taya da lamba da tirela duk sun ƙare da "a", alhali abubuwa ne. Hausa ta raba su da kanta ta hanyar jinsi: ana cewa direba ne, soja ne, amma mota ce, waya ce. Wajen jam'i kuwa ta zuba su a ma'auni guda: direbobi, sojoji, ministoci, motoci, wayoyi.

Daɗin daɗawa, baƙin kalmomin ba su kori 'yan gida ba, raba aiki suka yi da su. Magini yana aiki da tubali da laka, birkila da bulo da siminti. Masassaƙi yana fafe turmi da ƙota, kafinta yana haɗa katako da ƙusa. Maɗinki da allura aka san shi, tela da keke. Wasu kuma ma'anarsu ta yi nisa da inda ta taso. Asalin ma'anar motor injin ne, mota kuwa a Hausa abin hawan ne gaba ɗaya. Waya ta fara da zaren ƙarfe, ta zama saƙon tangaraho, ta zama tarho, har bayan 2001 ta zama wayar hannu wadda babu zare a jikinta ko kaɗan. A Nijar, inda Faransa ta yi mulki, lakwal ake ce wa makarantar boko, malaminta kuma mushe, abin da ke nuna cewa harshen mai mulki ne ya tsara irin aron da kowane ɓangare ya yi.

Kammalawa

Yaron da ya rubuta "driva" abin da kunnensa ya gada daga kakanninsa ya rubuta. Shawarata ga masu horar da malamai ita ce a fara darasi da abin da yaro ya zo da shi daga gida. A sa yara su tattaro irin waɗannan kalmomi daga tashar mota da kasuwar garinsu, a jera su a allo, a raba na mutane da na abubuwa, sannan a nuna musu wanne ake rubutawa da "er", wanne da "or", wanne kuma da "re" kamar taya da waya. Ina kuma roƙon mahalarta daga sassan Hausa da na Ingilishi na kwalejojinmu su haɗa hannu su tsara irin wannan jeri, domin a sa shi cikin abin da ake koya wa ɗalibai kafin su fita gwajin koyarwa.