Takardun Shugabanni: Tarihin Dokar Tantancewa da Adanawa, daga Zangon Lome zuwa Kaduna

A shekarar 1977, zamanin mulkin Janar Gnassingbé Eyadéma, gwamnatin Togo ta tashi Zangon Lome daga tsakiyar birni, aka mayar da fatake, dillalan shanu, mahauta da malamai can arewacin gari, inda ake kira Agoè-Zongo a yau. Umarni irin wannan ba ya faɗowa daga sama. Wani ya kawo shawara, wani ya auna fili, wani ya sa hannu, kuma kowannensu ya bar sawu a takarda. Abin da dokokin adana takardun shugabanni suka zo su warware ke nan: idan mai mulki ya sauka ko ya rasu, takardun ofishinsa na wane ne, kuma wa zai ce a ajiye wannan, a ƙona wancan? A ganina takardar da aka rubuta da ikon jama'a amanar jama'a ce, kuma duk dokar da ta bar tantancewa a hannun wanda takardar za ta iya tona wa asiri ta ba kura ajiyar nama.

Ƙasar Hausa ta san ajiyar wasiƙun mulki tun kafin zuwan Turawa. A daular Sakkwato gidan Waziri ne matattarar wasiƙun sarakuna, shi ya sa da aka ci birnin a 1903 aka tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda wani Bature mai suna Backwell ya fassara ya buga a 1927. Sai dai al'ada ce ke tsare wannan ajiya, kuma takarda kan bi gidan mai sarauta kamar sauran kayan gado. Turawa sun kawo fayil da lamba da akawu, amma su ma masu mulkin ne ke zaɓar abin da za a bari. Takardun Togo sun rarrabu: na zamanin Jamus, daga 1884 zuwa 1914, wasu suna Lome wasu suna Balin, na zamanin Faransa kuwa da dama suna Aix-en-Provence. Ingila ta yi abin da ya fi haka muni. Sai a 2011, da ƙarar tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya ta matsa mata, ta amsa cewa ta ɓoye dubban fayiloli daga tsofaffin ƙasashen da ta mallaka a Hanslope Park, ban da waɗanda aka cinna wa wuta gab da ba da 'yancin kai.

A Najeriya doka ta biyo bayan aikin masanin tarihi Kenneth Dike, wanda ya zaga ofisoshin gwamnati tsakanin 1951 da 1953 yana duba halin da tsofaffin takardu ke ciki. Rahotonsa ya sa aka buɗe ofishin adana takardu a 1954, aka kafa dokarsa a 1957, aka yi manyan rassa a Ibadan, Inugu da Kaduna. Wanda ya shiga reshen Kaduna zai ga amfanin abin da idonsa: fayilolin Sakateriyar Lardunan Arewa da na Razdan-Razdan na Kano, Sakkwato da Zariya, takarda ta yi ja ta bushe har tana karyewa a hannu, ga rubutun Di'o a gefen shafi yana yanke hukunci a kan haraji ko tuɓe hakimi. A 1992 gwamnatin soja ta maye gurbin tsohuwar dokar da doka mai lamba 30. Ita ce ta ɗora wa ma'aikatu nauyin kula da takardunsu, ta hana zubar da su ba tare da izinin hukumar adana takardu ba, ta kuma sa shekara 25 a matsayin wa'adin da za a buɗe su ga jama'a.

Doka ce mai kyau, amma an ɗinka ta daidai jikin ma'aikata, inda fayil ke tafiya daga teburi zuwa teburi da sa hannun kowa. Ofishin shugaba ba haka yake ba. Can ne aikin gwamnati da na jam'iyya da na iyali ke cakuɗewa a aljihun teburi ɗaya, kuma sauka kan zo ba shiri. An kashe shugaban Togo Sylvanus Olympio a Lome ranar 13 ga Janairun 1963, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna ranar 15 ga Janairun 1966. A irin wannan safiya babu mai tunanin fayil. Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970, da ƙoƙarin Farfesa Abdullahi Smith, da Gidan Mambayya na Malam Aminu Kano da ke ƙarƙashin Jami'ar Bayero, sun tsirar da abu mai yawa. To amma himmar malamai da ta jami'o'i ce ta yi wannan, ita kuwa himma takan tafi da mai ita. Amurka ma sai da ta ji jiki kafin ta gyara. Can shugabanni sun saba tafiya da takardunsu a matsayin kayansu, har Shugaba Nixon ya yi murabus a 1974, majalisa ta riƙe takardunsa da faya-fayansa don kada a lalata su. Dokar 1978, wadda ta fara aiki a kan Shugaba Reagan a 1981, ta mayar da takardun shugaba mallakar ƙasa, su koma hannun hukumar adana takardu ranar da ya sauka, kuma tun yana kan mulki ba zai zubar da ko ɗaya ba sai ya nemi ra'ayin shugaban hukumar.

Masu ja da irin wannan doka suna da hujja biyu, kuma ta farko tana da nauyi. Sun ce idan mashawarci ya san za a karanta abin da ya rubuta, zai daina rubutawa, a koma shawarar baka. Gaskiya ne sirri na daga cikin kayan aikin mulki. Amma maganinsa wa'adi ne, shi ya sa dokar Amurka ta yarda a rufe wasu takardu har shekara 12, ta Najeriya ta sa 25. Abin da aka kulle ana iya buɗe shi wata rana, toka kuwa ba ta komawa takarda. Hujja ta biyu ita ce ba za a iya ajiye komai ba, ga gara, ga ɗigar rufi, ga ƙarancin kuɗi. Wannan ai shi ne dalilin tantancewa, domin a ko'ina ɗan kaɗan ake ajiyewa daga abin da ofisoshi ke rubutawa. Muhawarar tana kan mai riƙe rariya ne. Ma'aikacin adana takardu yana tambayar ko takardar na nuna yadda aka yanke hukunci da wanda hukuncin ya shafa, mai sauka daga mulki kuwa tambayarsa ita ce ko za ta ba shi kunya.

Wa'adin buɗewa ba shi da amfani idan takardar ba ta kai ba, haka ma dokar 'yancin samun bayanai da Najeriya ta kafa a 2011, tunda ba a neman abin da babu. Yanzu da umarni ke tafiya ta imel da WhatsApp a wayar da shugaba zai sa a aljihu ya tafi da ita, dole doka ta ambaci waɗannan saƙonni da sunansu, ta kuma sanya ranar miƙa su. Tashin Zangon Lome dai an san shi sosai ne saboda masanin Faransa Michel Agier ya zauna da fataken unguwar, ya buga littafinsa a kansu a 1983. Wannan muryar waɗanda aka tasa ce. Ɓangaren waɗanda suka ba da umarnin, da dalilinsu da lissafin filin da suka yi, fayil ɗin ofishinsu kaɗai zai iya nuna wa jikokin mutanen Agoè-Zongo.